Aji ya shigo, ayyukansa sun tsaya a waje: amsa ga mai koyon Haskell

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, na ɗan iya Python da Java kafin a fara koya mana Haskell. Na rubuta aji mai suna `Siffa` a fayil ɗaya, da ayyuka biyu a cikinsa, `fili` da `kewaye`. A wani fayil na sa `import Siffa (Siffa)`, na rubuta `instance` na da'ira, sai GHC, mai haɗa shirye-shiryen Haskell, ya ce wai `fili` ba ya cikin ayyukan ajin, alhali ga shi nan a rubuce. Da na jawo layukan zuwa farkon layi kuskuren ya ɓace, amma shirin yana faɗuwa da zarar na kunna shi. A GHCi kuwa, inda ake gwada Haskell layi bayan layi, ina ganin `fili` lafiya lau. Shi ma `Data.Map` ya ƙi shigowa, wai a ɓoye yake. Lokacin miƙa aiki ya matso, 'yan ajinmu sun yi nisa, ni kuma ina kan layin `import`. Harshen nan ya fi ƙarfina ne? In haƙura in koma Python?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki bar shi saboda wannan. Haskell yana da wuraren da suke da wuya da gaske, amma inda kika tsaya ba ya cikinsu. Ƙa'idojin shigo da sunaye ne, ba su da yawa, kuma bayaninki ya nuna ajin da `instance` ɗin duka kin rubuta su daidai. Abin da ya rage miki a matsalar farko alamomi huɗu ne: `(..)`.

A Java, in kin shigo da aji, duk abin da ke cikinsa yana biye da shi. A Haskell sunan aji daban, sunayen ayyukansa daban, kowanne sai an kira shi. Da kika rubuta `import Siffa (Siffa)` kin nemi sunan ajin kaɗai, shi aka ba ki. Wannan ya isa ki rubuta `Siffa a =>` a gaban nau'in wani aiki, amma bai isa ki rubuta `instance` ba, don ƙa'ida ita ce ba a cike aikin aji a cikin `instance` sai sunan aikin yana bayyane a fayil ɗin. Saƙon da kika gani shi ne:

```
‘fili’ is not a (visible) method of class ‘Siffa’
```

GHC bai musa cewa `fili` yana nan ba. Cewa ya yi daga wannan fayil ɗin ba ya hango shi. Ga yadda fayilolin biyu ya kamata su kasance:

```haskell
module Siffa (Siffa(..), bayani) where

class Siffa a where
  fili   :: a -> Double
  kewaye :: a -> Double

bayani :: Siffa a => a -> String
bayani s = "Fili: " ++ show (fili s)
```

```haskell
module Daira (Daira(..)) where

import Siffa (Siffa(..))

newtype Daira = Daira Double

instance Siffa Daira where
  fili   (Daira r) = pi * r * r
  kewaye (Daira r) = 2 * pi * r
```

Ɗigo biyun nan a cikin baka suna nufin ajin tare da duk ayyukansa. In kina son ki zaɓa, sai ki rubuta `Siffa(fili, kewaye)`. In kuma kiran aikin kawai za ki yi, ba ruwanki da sunan ajin, `import Siffa (fili)` ya wadatar, don aikin aji yana shigowa da sunansa kamar kowane aiki. Wanda sunansa alama ce yana buƙatar bakansa na kansa, shi ya sa za ki riƙa ganin baka cikin baka irin `Semigroup((<>))`.

Ki lura `Siffa(..)` ya fito sau biyu, a layin `module` da kuma layin `import`. Kowane suna ƙofa biyu yake bi kafin ya iso gare ki: sai modul ɗin, wato fayil ɗin da ya mallake shi, ya fitar da shi, sannan ke ki shigo da shi. Masu koyo sukan gyara ta biyu su bar ta farko a rufe. In layin farko na `Siffa.hs` ya ce `module Siffa (Siffa) where`, to ko kin sa `Siffa(..)` wajen shigowa ba abin da zai canza, domin ɗigo biyun suna kwaso ayyukan da aka fitar ne kawai, nan kuwa ba a fitar da ko ɗaya ba. Abin da ke rikita mutum shi ne layin `import` ɗin zai wuce ba kuskure, sai can a `instance` saƙon zai sake fitowa iri ɗaya da na dā. Don ki gane wace ƙofa ce a rufe, ki ambaci aikin da sunansa: `import Siffa (Siffa(fili))`. In ba a fitar da shi ba, GHC zai tsaya a wannan layin ya ce modul ɗin "does not export" sunan. Daga nan kin san `Siffa.hs` za ki buɗe.

In kin rubuta `module Siffa where` ba jeri, duk abin da aka ƙirƙira a fayil ɗin zai fita, kuma ga mai koyo ba laifi a fara da haka. In kuma ba ki sa layin `module` ba sam, GHC zai ɗauki fayil ɗin a matsayin `Main` wanda `main` kaɗai yake fitarwa, sai ya yi ƙorafin cewa sunan fayil da na modul ba su dace ba. Wasu marubuta ɗakunan karatu na shiri kuwa da gangan suke ɓoye ayyukan aji don kada wani daga waje ya ƙara masa `instance`. In kin haɗu da irin wannan, ba a yi ajin don ki faɗaɗa shi ba ne, ki nemi hanyar da suka tanada.

Ƙa'idar nan ɗaya ce da ta nau'o'in `data` da `newtype`. `import Daira (Daira)` nau'in kaɗai yake kawowa, maginin `Daira` da kike rubuta `Daira 2.5` da shi yana waje, sai ki ga "Data constructor not in scope". Sunan iri ɗaya ne, amma abubuwa biyu ne a gurabe biyu. Bambancinsu da ayyukan aji shi ne magini ba ya shigowa shi kaɗai, dole ya zo a cikin bakan nau'insa: `Daira(Daira)` ko `Daira(..)`.

Yanzu batun jawo layuka. Ki mayar da su ciki yau ɗin nan, don wannan gyaran ya fi kuskuren farko haɗari. A Haskell tazarar da ke farkon layi ita ke nuna abin da yake ƙarƙashin `where`. Da kika jawo `fili` da `kewaye` zuwa bakin layi, sun fita daga `instance`, sun zama sabbin ayyuka biyu masu zaman kansu waɗanda sunan kawai suka haɗa da na ajin. Shi kuma `instance` ɗin ya zauna fanko. Harshen ya yarda da `instance` fanko, gargaɗi kawai GHC zai yi mai cewa "No explicit implementation for", ya ci gaba da aikinsa. Sai lokacin da `bayani` ya nemi `fili` na gaskiya a kan da'ira bai samu ba, shirin ya faɗi da "No instance nor default method for class operation". Wannan gargaɗin a kunne yake ko ba ki nema ba, mai yiwuwa ya wuce ki ne a cikin tarin rubutun da ke fitowa. Shawararmu ki mai da shi kuskure mai tsayar da aiki: ki sa `-Wall -Werror=missing-methods` a `ghc-options` na fayil ɗin `.cabal`, wato fayil ɗin da Cabal, mai tsara haɗa shirinki, yake karantawa. Gara GHC ya ƙi haɗa shirin da ya haɗa miki wanda zai faɗi a gaban mai dubawa.

GHCi ma ba ƙarya ya yi miki ba, sassauci ne yake da shi wanda fayil ba shi da shi. In kin loda `Siffa.hs` da `:load`, GHCi yana zaunar da ke a cikin modul ɗin, kina ganin duk abin da ke ciki, wanda aka fitar da wanda ba a fitar ba. Ban da haka yana barin ki kira suna da cikakken adireshinsa ba tare da `import` ba: `Data.Char.toUpper 'a'` zai yi aiki a can, a fayil kuma ba zai yi ba. Don haka yin aiki a GHCi bai zama hujjar cewa layukan shigowa daidai suke ba. In gwajin gaskiya kike so, `Daira.hs` za ki loda, shi da ke shigo da ajin. Umarni uku za su yi miki amfani kullum. `:browse Siffa` yana nuna abin da modul ya fitar, `:show imports` yana nuna abin da ke bayyane a zaman da kike ciki, `:info Siffa` kuma yana nuna ayyukan ajin, da fayil ɗin da aka ƙirƙire shi, da kowane `instance` da ake gani. Na ukun ya fi sauran daraja, ki saba da shi.

Wannan kuskuren zai sake samun ki a inda ba ki rubuta `import` ko ɗaya ba, gara ki san shi tun yanzu. `Prelude`, wato modul ɗin da ke shigowa da kansa a kowane fayil, yana ba ki wasu azuzuwan ne da rabin ayyukansu. `Foldable` yana ciki tare da `foldr`, `foldMap`, `length`, `sum` da wasu, amma `toList` ba ya ciki. Ranar da kika rubuta `instance Foldable` na wata bishiya taki kika so ki cike `toList` da kanki, saƙon nan na "not a (visible) method" zai dawo. Maganinsa `import Data.Foldable (Foldable(..))`. Haka `Semigroup`: `<>` yana cikin `Prelude`, `stimes` da `sconcat` kuwa sai daga `Data.Semigroup`.

Sai tarkon da ke jiran mai shigowa da laƙabi. In kin rubuta `import qualified Siffa as S`, kan `instance` ɗin zai zama `instance S.Siffa Daira where`, amma a ƙarƙashinsa `fili` za ki rubuta tsurarsa, ba `S.fili` ba. A hagun alamar `=` ba a sa laƙabi, GHC ya riga ya san ajin da ake cikewa. In kin sa, zai ce "Qualified name in binding position". A daman `=` kuwa, inda kike kiran aikin, laƙabin wajibi ne.

Tunda daga Java kika taho, akwai abin da hannunki zai so ya rubuta ko ba ki yi niyya ba:

```haskell
ninki :: Siffa -> Double
```

GHC zai ce yana jiran nau'i, amma `Siffa` irinsa `* -> Constraint` ne. Mutane da yawa sukan koma su yi ta taɓa layin `import` a kan wannan, alhali ba can matsalar take ba. Aji a Haskell ba ya haifar da wani abu da za a riƙe a miƙa wa aiki. Sharaɗi ne da ake ɗora wa nau'i: duk nau'in da ke son a lissafa shi cikin `Siffa` sai ya kawo `fili` da `kewaye`. Saboda haka wurinsa hagun `=>` ne:

```haskell
ninki :: Siffa a => a -> Double
ninki s = 2 * fili s
```

Abin da ya fi kusa da ajin Java a nan shi ne `data`. In abin da kike so jeri ne mai ɗauke da da'ira da murabba'i a haɗe, aji ba zai ba ki shi kai tsaye ba, don `[a]` nau'i ɗaya yake ɗauka. Ki rubuta `data Siffa = Daira Double | Murabbai Double` da aiki ɗaya `fili` mai duba kowane magini. A ganinmu yawancin ayyukan masu koyo da aka rubuta da aji, da `data` aka rubuta su da sun fi gajarta, sun fi sauƙin karantawa. Ki duba abin da aka ce ki yi. In ba a wajabta aji ba, ki auna wannan hanyar.

Shi `instance` kuwa dokarsa ta sha bamban da duk abin da muka faɗa, kuma nan ne ya cancanci ki ɗan dakata. Ba shi da suna, don haka ba a sa shi a jerin fitarwa, ba a sa shi a jerin shigowa, ba a kuma iya ɓoye shi da `hiding`. Da zarar kin shigo da modul, ko da abu ɗaya kika ɗauka daga cikinsa, kowane `instance` da ke ciki ya shigo, har da na modul ɗin da shi ma ya shigo da su, da na waɗanda suka shigo da su, har ƙarshen sarƙar. Wannan ne ma'anar layin da ke ba masu koyo mamaki:

```haskell
import Test.QuickCheck.Instances ()
```

Baka fanko yana cewa kada a kawo suna ko ɗaya, amma kowane `instance` ya shigo. Wannan misalin daga ƙunshin `quickcheck-instances` yake (ƙunshi tarin modul ne da ake girkawa tare), wanda ke samar da `instance` na ajin `Arbitrary` ga nau'o'i irin `Text` da ba su zo da shi ba. Shi ya sa in GHC ya yi miki gargaɗin cewa wani `import` ba shi da amfani, yakan ƙara da "except perhaps to import instances". Ki karanta wannan ƙarin kafin ki goge layin.

Dalilin tsarin shi ne harshen yana son kowane nau'i ya kasance da `instance` ɗaya tak na kowane aji a duk faɗin shirin. Ki ɗauki `Set`, wanda ke jera abubuwansa bisa `Ord`. Da za a bar wani fayil ya zuba abubuwa da tsarin jeri ɗaya, wani fayil kuma ya neme su da wani tsarin, da an nemi abin da ke ciki an rasa. Saboda haka wurin `instance` biyu ne: ko a fayil ɗin da aka ƙirƙiri ajin, ko a fayil ɗin da aka ƙirƙiri nau'in. In yana ɗaya daga cikinsu, duk wanda ya ga ajin da nau'in dole ya gan shi, ba zai taɓa ɓata ba. Wanda aka ajiye a fayil na uku shi ake kira maraya, kuma `-Wall` yana gargaɗi a kansa. Maraya ne ke jawo "No instance for" a fayil ɗin da ya manta bai shigo da shi ba, shi ne kuma ke jawo rikici ranar da wani ya rubuta na biyu. In kina buƙatar nau'i ɗaya ya yi hali biyu a aji ɗaya, ki naɗe shi a `newtype`. Haka `Data.Monoid` ya yi da lambobi: `Sum` don tarawa, `Product` don ninkawa, kowanne da nasa `instance`.

Ba kowane "No instance for" ne matsalar shigowa ba, ki karanta nau'in da ke cikin saƙon da kyau. In kin ga kibiya a ciki, kamar `Show (Double -> Daira)`, kin manta ba ki ba wani aiki abin da yake jira ba ne, ba `import` da zai gyara wannan. In kin ga `Show Daira` zalla, `deriving Show` ne ba ki sa ba. Akwai kuma lokacin da suna ɗaya yake a wurare biyu. `First` na `Data.Monoid` daban yake da `First` na `Data.Semigroup`. `get` na `Control.Monad.State` a ƙunshin `mtl` aikin ajin `MonadState` ne, shi kuwa `get` na `Control.Monad.Trans.State` a `transformers` aiki ne na kawai da ya san `StateT` kaɗai. In saƙo ya zama kamar yana musun abin da kike gani da idonki, ki sa `:info` a kan sunan ki duba layin "Defined in".

Batun `Data.Map` ya fi sauƙi. Modul ɗin yana cikin ƙunshin `containers`, wanda ke zuwa tare da GHC, shi ya sa saƙon ya ce "hidden package", bai ce babu shi ba. Cabal yana ɓoye duk ƙunshin da ba ki ambata ba, don kada shirin ya dogara da abin da ya dace yana kan kwamfutarki. Ki ƙara shi:

```
build-depends: base, containers
```

In fayil ɗin `.cabal` yana da sashen `library` da na `executable` da na gwaji, kowanne da nasa `build-depends`, sai ki sa a sashen da fayil ɗin yake. In Stack, madadin Cabal, kike amfani da shi da `package.yaml`, a ƙarƙashin `dependencies` za ki sa, kada ki taɓa `.cabal`, don ana sake rubuta shi daga wancan. Sannan ki riƙa buɗe GHCi da `cabal repl` ko `stack ghci`, don ya ga abin da shirin ke gani.

Da ya shigo, kuskure na gaba zai biyo baya nan take in kin rubuta `import Data.Map` tsurarsa: "Ambiguous occurrence" a kan `filter` ko `lookup` ko `map`, don `Prelude` ma yana da waɗannan sunayen. GHC ba ya ƙorafi a layin shigowa, sai a inda kika kira sunan. Yadda aka saba yi layi biyu ne:

```haskell
import Data.Map.Strict (Map)
import qualified Data.Map.Strict as Map
```

Na farko don ki rubuta `Map String Int` a nau'i ba laƙabi, na biyu don `Map.lookup` da `Map.insert`. Mun sa `Strict` ne don in ƙirge kike tarawa a ciki shi ya fi dacewa, ba ya barin lissafin da ba a yi ba ya taru. Daga GHC 8.10 ana iya rubuta `import Data.Map.Strict qualified as Map` in an kunna `ImportQualifiedPost`, kuma yana kunne a tsarin `GHC2021` da ya zo da GHC 9.2. Duka biyun abu ɗaya suke yi, kada ganinsu a wurare daban ya ruɗe ki.

Fayilolinki na kanki ma sai Cabal ya san da su. Sunan modul dole ya bi hanyar fayil har da manyan haruffa: `Siffa.Daira` yana zama a `Siffa/Daira.hs` a ƙarƙashin foldar da `hs-source-dirs` ya nuna. Kowane modul ban da `Main` ki sa shi a `other-modules`, ko `exposed-modules` in ɗakin karatu ne. In kin manta, wani lokaci gargaɗi kawai za ki gani, wani lokaci kuma sai a matakin ƙarshe na haɗa shirin a jero miki "undefined reference" masu sunaye marasa kan gado. Sannan duk layukan `import` suna zuwa ne bayan layin `module`, kafin kowane abu. In ɗaya ya faɗo ƙasan wani aiki, "parse error on input ‘import’" za ki samu.

In kin ci gaba da raba fayiloli za ki iya cin karo da zagaye: `Daira` yana shigo da `Siffa`, sai ki so `Siffa` ma ya shigo da `Daira` don wani aiki, GHC ya ce modul ɗin sun yi "cycle". Akwai hanyar fayilolin `.hs-boot`, amma ba mu ba ki shawarar ta ba a wannan matakin. Ki bar ajin a modul ɗin da ba ya shigo da kowa daga cikin naki, nau'o'i su shigo da shi, aikin da ke buƙatar duka biyun kuma ya koma modul na uku a samansu.

Abu na ƙarshe da zai iya sa ki zargi kanki a banza shi ne tsufan darasi. Abin da ke cikin `Prelude` ya sauya sau da yawa. A GHC 7.10 na 2015 `Applicative` ya zama sharaɗin `Monad`, kuma `Foldable` da `Traversable` suka shigo `Prelude`, don haka darasin da ya girmi wannan zai rubuta `instance Monad` shi kaɗai, naki GHC ya ƙi karɓa sai kin ƙara `Functor` da `Applicative`. A GHC 8.4 na 2018 `Semigroup` ya zama sharaɗin `Monoid`, `<>` ya shigo `Prelude`. A 8.8 aka cire `fail` daga `Monad`, ya koma ajin `MonadFail`, wanda ya sa tsohon `instance Monad` mai `fail` a ciki yake ba da ainihin saƙon da kika gani. `liftA2` ya shigo `Prelude` a 9.6, `foldl'` a 9.10. Ƙunshin `mtl` kuma daga siga 2.3 ya daina fitar da kayan `Control.Monad`, saboda haka shirin da a dā yake samun `when` da `forM` ta hanyar `Control.Monad.State` yanzu sai ya shigo da `Control.Monad` da kansa. Ki buga `ghc --version`, ki kwatanta da sigar da darasinku ya dogara da ita. In sun bambanta, ki girka wadda ta dace ta hanyar GHCup, shirin girka GHC, yana barin siga fiye da ɗaya su zauna a kwamfuta ɗaya.

Ga aikin da ke gabanki kuwa, tunda lokaci ya ƙure, ki haɗa ajin da nau'in da `instance` da `main` a fayil ɗaya tukuna, ki tabbatar lissafin yana fita daidai. Daga nan ki fitar da ajin zuwa `Siffa.hs`, ki sa shi a `other-modules`, ki shigo da shi da `import Siffa` ba jeri, ki haɗa. In ya wuce, ki fitar da `Daira` haka nan, ki sake haɗawa. Sai komai ya tsaya sannan ki ƙara jerin fitarwa da na shigowa, ɗaya bayan ɗaya, kina haɗawa bayan kowanne, ta yadda in wani abu ya karye kin san layin da ya karya shi. In kuskure ya fito da yawa, ki gyara na sama kaɗai ki sake haɗawa, don sau da yawa na ƙasa daga shi suka samo asali. In kuma ba ki da tabbacin abin da za ki sa a jerin shigowa, ki haɗa da `-ddump-minimal-imports`. GHC zai rubuta wa kowane modul fayil mai ƙarewa da `.imports`, a ciki akwai ainihin sunayen da kika yi amfani da su a tsarin da zai karɓa, sai ki kwafa ki sa a madadin naki.